Gasa Ko Haɗin Kai: Wanne Ya Fi Amfani Ga Ɗalibi?

A ƙarshen kowane zangon karatu, idan aka raba mana sakamakon jarrabawa, abin da muke fara dubawa shi ne: na nawa muka zo? Wannan ba laifi ba ne. Gasa tana kawar da lalaci, tana tashe mu da asuba mu buɗe littafi. Amma akwai inda take ɓata mu. Mun sha ganin ɗalibin da zai ɓoye littafinsa a ƙarƙashin katifa, ko ya ce bai gane lissafi ba alhali ya gane, don kada ɗan'uwansa ya wuce shi.

Bari mu duba misali daga filin wasa. A wasannin Olamfik na shekarar 1992 a Barsalona ta ƙasar Sifen, babu ɗan tseren Nijeriya ko ɗaya da ya ci lambar yabo shi kaɗai. Amma a tseren miƙa sanda na mutum huɗu, mita ɗari-ɗari, mazanmu sun ci azurfa, matanmu kuma, ciki har da Mary Onyali, suka ci tagulla. Kowannensu sai da ya yi gasa da 'yan'uwansa kafin a zaɓe shi. Amma ranar tseren, da ɗaya ya riƙe sanda ya ƙi miƙawa, da dukansu sun koma gida hannu banza.

Haka karatu yake. A aji, mutum ɗaya ne ke zuwa na ɗaya. Amma a jarrabawar WAEC, abin da jami'a ke nema shi ne kiredit biyar, har da Turanci, kuma in abokinmu ya samu nasa, bai hana mu samun namu ba. Bugu da ƙari, duk wanda ya taɓa koya wa wani darasi ya san cewa a wajen bayani ne yake gano inda shi kansa bai gane ba.

Iyayenmu a ƙauye sun riga mu sanin wannan. Ranar gayya, samari suna tsere a kan kunya don a ga wanda ya fi ƙarfi, amma gona ɗaya suke nomewa.

Saboda haka 'yan'uwa ɗalibai, mu yi gasa, amma irin ta gayya. Wanda ya iya lissafi ya ja hannun wanda ya iya Turanci, shi ma ya ja nasa. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.