Motar da ke gudu ba ta bar ɗaki ba

Kowane alhaji ya san Jidda, don ita ce ƙofar Makka. A ƙarshen shekara ta 2021 kuwa waɗansu baƙi na dabam suka sauka garin, watau direbobin tseren motoci na Formula 1. An shimfiɗa musu sabuwar hanya a bakin Bahar Maliya, tsawonta kusan mil 4, kwanoninta 27, ga katanga dama da hagu. Motocin kan zagaya ta da gudun wajen mil 155 cikin sa'a guda. Abin damuwa shi ne ba a gama aikin hanyar ba sai ana sauran 'yan kwanaki a yi tsere. To, ƙaƙa mutum zai koyi hanyar da bai taɓa takawa ba?

A cikin ɗaki suka koye ta, a Ingila da Italiya da sauran ƙasashen da kamfanoninsu suke. Injiniyoyi suka ɗauki awon hanyar suka zuba cikin kwamfuta, ita kuwa ta zana ta a majigi, kamar yadda ta ke yi a wasan bidiyo na yara. Har ma kamfanin Codemasters ya sa hanyar cikin wasansa na F1 2021 tun watan Nuwamba, saboda haka samari da yawa sun zagaya ta a gidajensu kafin ainihin mota ta hau ta.

Amma na'urar direbobi ta wuce wasa. Kujerar da sitiyari da birki duk an ɗora su bisa wani dandamali, galibi mai ƙafafu shida na ƙarfe, masu miƙewa da takurewa bisa umurnin kwamfuta. Wani injiniya Baturen Ingila, Stewart, ya bayyana wannan fasali cikin 1965 don koya wa matuƙan jirgin sama. In direba ya murɗa sitiyari, kwamfuta ta lissafta abin da motar gaske za ta yi, sa'an nan ta gaya wa ƙafafun nan su motsa, ta kuma sa wani ƙaramin inji ya yi wa hannunsa gardama kamar yadda taya kan yi bisa kwalta.

Dabarar da ta fi ban sha'awa ita ce ta birki. Dandamalin ba shi da filin da zai yi gudu ya tsaya, sai ya sunkuya gaba sannu a hankali. Cikin kunnen ɗan Adam akwai wata gaɓa mai auna motsi, ita kuwa ba ta iya rarrabe sunkuyawa da rage gudu, muddin ido na ganin hanya daidai. Ashe yaudara ce tsantsa. Sai dai tana bukatar hanzari ƙwarai. In motsi ya makara da ɗan ƙiftawar ido bayan hoto, sai jiri da tashin zuciya su kama direba, koyon kuma ya ɓaci.

Akwai abu guda da na'urar ba ta iya kwaikwaya: katangar majigi ba ta fasa mota. Max Verstappen yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙwarewa da tseren kwamfuta. Ran 4 ga Disamba, wajen gwajin neman layin gaba, yana kan hanyar ɗaukar na ɗaya, ya zo kwana ta ƙarshe sai motarsa ta bugi katanga. Kashegari Lewis Hamilton ya ci tseren.