Furannin Da Ba Sa Yaushi: Kimiyyar Inamel Da Duwatsun Ado

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a ƙasar Hausa, ba zai rasa ganin jeren kwanoni ba, irin su langa da fanteka da samira, masu sheƙi da zanen furanni. Mutane da yawa suna ɗauka fenti ne aka shafa wa waɗannan kwanoni. Amma idan ɗaya ya faɗi ƙasa ya ɓantare, za a ga abin da ya fita daga jikinsa yana da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Dalili kuwa shi ne, gilashi ne aka narkar a kan ƙarfe. Wannan rufi na gilashi shi ake kira inamel, kuma tun kafin a fara rufe kwanon abinci da shi, maƙeran zinariya sun shafe dubban shekaru suna ƙawata zobba da sarƙoƙi da shi. A tsibirin Kubrus an tono wasu zobban zinariya masu inamel waɗanda aka ƙera wajen ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.).

Wannan maƙala za ta dubi yadda wasu maƙera biyu, ɗaya a Rasha ɗaya a Faransa, suka yi amfani da inamel da duwatsu masu daraja wajen kwaikwayon tsirrai, da kuma ilmin kimiyyar da ke ƙarƙashin wannan aiki.

Maƙeran biyu

Kwaikwayon lambu a jikin kayan ƙawa tsohuwar al'ada ce a Turai. A ƙarni na 18 an yi yayin wasu zobba da Italiyawa suka laƙaba wa suna giardinetti, wato ƙananan lambuna, domin akan jera ƙananan duwatsu a kansu cikin siffar kwandon furanni. To amma sana'ar ba ta kai ƙololuwarta ba sai a ƙarshen ƙarni na 19.

Peter Carl Fabergé, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1920, ya karɓi ragamar maƙerar mahaifinsa a birnin St. Petersburg a 1872. An fi saninsa da ƙwayayen zinariya da ya riƙa ƙera wa sarakunan Rasha tun daga 1885, amma masana da dama suna ganin gwanintar ma'aikatansa ta fi fitowa a wajen furanni. A 1896 aka ba Sarauniya Alexandra kyautar wani ɗan kwando na zinariya cike da wani farin fure mai kama da 'yar ƙararrawa, wanda Turawa ke kira lili na kwari. Furannin na lu'ulu'u ne da daimon, ganyayen kuwa an sassaƙa su ne daga wani koren dutse na Saberiya mai suna nefrait. Wasu furannin nasa an tsayar da su cikin 'yan kofuna waɗanda mai kallo zai rantse ruwa ne a ciki, alhali kofin da ruwan duk guntun dutse ɗaya ne mai haske garau. An rarake samansa kawai, aka bar ƙasansa a cike, sai iyakar rarakewar ta zama tamkar saman ruwa. A 2017 wani masani a Ingila ya ƙiyasta kuɗin reshe ɗaya na irin waɗannan furanni a kan fam miliyan 1.

Shi kuwa René Lalique, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1945, ya yi fice ne a babban bikin baje koli na duniya da aka yi a birnin Faris a 1900. A zamaninsa darajar abin wuya tana ga girman daimon ɗin da ke jikinsa. Lalique ya ɗauki ƙaho da hauren giwa da gilashi, ya haɗa su da zinariya, ya fitar da rassan itatuwa da ƙayoyi da mazari, har ma da ganyen da ya fara bushewa. Attajirin nan na man fetur Calouste Gulbenkian ya sayi ayyukansa masu yawa, suna nan a gidan adana kayan tarihi mai ɗauke da sunansa a birnin Lisbon.

Mene ne inamel?

Uwar gilashi ita ce silika, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin farin yashi. Matsalar ita ce, silika ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1700 a ma'aunin Salshiyas, alhali zinariya tana narkewa a digiri 1064, jan ƙarfe a 1085, azurfa kuwa a 962. Ke nan da za a ce a narkar da yashi zalla a kan zobe, da zoben ya zama ruwa tun yashin bai ji komai ba. Saboda haka ake gauraya silika da wasu sinadarai, irin su soda da fotash da borakis, a da kuma har da dalma mai yawa. Waɗannan suna shiga tsakanin ƙwayoyin silika su tsinke wasu daga cikin igiyoyin da suka ɗaure su, sai gilashin ya yi laushi a tsakanin digiri 750 da 850.

Bayan an dafa wannan gilashi ya huce, sai maƙeri ya daka shi a ɗan turmi har ya zama gari, ya wanke shi da ruwa sau da yawa don fitar da ƙurar da za ta dusashe launi. Daga nan sai ya ɗora jiƙaƙƙen garin a kan ƙarfe da bakin gashin tsuntsu ko ɗan buroshi, ya bari ya bushe sarai, sannan ya sa a tanderu na 'yan mintoci kaɗan. Akan maimaita wannan har sau biyar ko shida, shafi bisa shafi.

Hanyoyin ɗora shi sun bambanta. Akwai wadda ake jera siraran wayoyin zinariya a kan ƙarfe su zama kamar kunyoyin fadama, a cika kowace da launinta. Akwai wadda ake haƙa ramuka a jikin ƙarfen a cika su, wadda garin Limoges na Faransa ya shahara da ita tun ƙarni na 12. Ma'aikatan Fabergé sun fi son su fara zana layuka masu kama da igiyar ruwa a jikin ƙarfe da na'ura, sannan su rufe da inamel mai haske, ta yadda zanen zai riƙa walƙiya daga ƙasa. An ce launukansu sun haura 140. Lalique kuwa ya ƙware a kan hanya mafi wuya, wadda Faransawa ke kira plique-à-jour. A nan ba a barin ƙarfe a bayan gilashin ko kaɗan. Siririn firam ne kawai yake riƙe da shi, kamar taga. Idan mai karatu ya ɗaga ganyen gwanda ya duba shi ta fuskar rana, zai ga jijiyoyi masu duhu da kore mai haske a tsakaninsu. Wannan kamanni shi ne hanyar take fitarwa, shi ya sa ta dace da ganye da fiffiken ƙwari.

Daga ina launi yake fitowa?

Launin tsiro daga wasu manyan ƙwayoyin sinadari yake, waɗanda tsiron da kansa yake haɗawa. Kulorofil yana shanye jan haske da shuɗi, ya bar kore ya dawo wa ido. Jan zoɓo kuwa daga sinadarin antosayanin yake, kuma duk macen da ta taɓa dafa zoɓo ta san cewa tsami yana ƙara masa ja, kanwa kuwa tana juya shi ya yi duhu. Irin waɗannan sinadarai ba su da juriya. Rana da iska da zafi suna wargaza su, shi ya sa fure yake yaushi ya koɗe.

Launin inamel daga ƙarafa yake, kuma gilashin da ya kewaye su yana kare su daga iska. Kobalt ɗan kaɗan yana ba da shuɗi mai zurfi. Jan ƙarfe yana ba da kore ko shuɗi-shuɗi, manganis yana ba da shunayya, kuza kuma tana toshe haske ta mai da gilashi fari fat kamar madara. Abin mamaki shi ne ruwan hoda da ja mai haske, waɗanda ake samu daga zinariya. Idan aka warwatsa zinariya cikin gilashi a matsayin ƙwayoyin da suka fi ƙarfin ganin madubin likita na yau da kullum, sai ta daina zama rawaya, ta riƙa shanye koren haske tana barin ja. Michael Faraday na Ingila ya yi bayani a kan irin wannan zinariya a 1857. Wannan ne ya sa jan inamel yake da tsada, kuma yake da saurin ɓaci: idan ya daɗe a wuta, ko ya taɓa azurfa kai tsaye, sai ya koma ruwan ƙasa. Don haka akan fara shimfiɗa gilashi marar launi a kan azurfar kafin a ɗora shi.

Haka abin yake ga duwatsu. Yakutu ja da safaya shuɗi asalinsu dutse ɗaya ne, wato haɗin alminiyam da iskar oksijin, wanda idan ba shi da gauraye ba shi da launi. Kuromiyam kaɗan ne yake mai da shi ja, baƙin ƙarfe da titaniyam kuma su mai da shi shuɗi. Wannan kuromiyam ɗin dai, wanda Bafaranshe Vauquelin ya gano a 1797, shi ne yake sa zumurrudu ya zama kore. Yaya ƙarfe ɗaya zai ba da ja a nan, kore a can? Amsar tana ga maƙwabtansa. A cikin yakutu ƙwayoyin oksijin suna yi wa kuromiyam tasiri mai ƙarfi, sai ya shanye kore ya bar ja. A cikin zumurrudu tasirin ya ɗan ragu, sai ya shanye ja da rawaya ya bar kore.

Inda aikin yake lalacewa

Babban abokin gaban mai inamel shi ne bambancin buɗewa da tsukewa. Sandar jan ƙarfe mai tsawon mita 1, idan aka ƙara mata zafin digiri 800, za ta ƙara tsawo da kimanin milimita 14, amma gilashin taga mai wannan tsawo kimanin rabin haka kawai zai ƙara. Da zarar an fito da aiki daga tanderu, ƙarfe yana tsukewa fiye da gilashin da ke manne da shi. Matsi kaɗan yana da amfani, domin gilashi yana jure matsi fiye da ja. Idan ya yi yawa kuwa, sai ƙarfen ya lanƙwashe, inamel ya tsage ko ya yi tsalle ya fita. Maganin da maƙera suka gano tun kafin a san lissafin abin shi ne a shafa inamel a bayan ƙarfen ma, domin ƙarfin ɓangarorin biyu ya yi daidai. Duk da haka, aikin watanni yana iya rushewa a gashi na ƙarshe. Saboda wannan ne ba a dasa duwatsu sai an gama da wuta baki ɗaya, domin lu'ulu'u zai ƙone, zumurrudu kuma zai dare.

Sai kuma batun tauri. A ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon yana da maki 10, yakutu 9, dutsen yashi 7, inamel kuwa tsakanin 5 da 6. Tun da ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, goge inamel da busasshen tsumma mai ƙura yana kankare shi sannu a hankali. Amma tauri daban, juriya daban. Nefrait bai wuce maki 6.5 ba, sai dai cikinsa zaruruwa ne da suka sarƙe kamar saƙar tabarma, don haka yana da wuyar karyewa. Wannan ne ya ba ma'aikatan Fabergé damar sassaƙa shi siriri kamar ganyen gaske.

Lafiyar maƙeri

Kyawun waɗannan abubuwa bai kamata ya rufe mana ido ga haɗarinsu ba. Tsofaffin inamel suna ɗauke da dalma, wasu jajaye da rawaya na zamani kuma suna ɗauke da kadmiyam, kuma maƙerin da yake daka su yana shaƙar ƙurarsu. Akwai ma wani fure na Fabergé mai tashi kamar audugar tumfafiya, wanda aka yi gashinsa da zaren asbestos, abin da daga baya aka tabbatar yana haddasa cutar daji a huhu. Mu a nan mun ga aikin ƙurar dalma a Jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. A yau ana sayar da inamel marar dalma, kuma ƙa'ida ita ce a daka gari cikin ruwa, a rufe hanci, a raba wurin aiki da wurin abinci da wurin wasan yara.

Kammalawa

Maƙerar Fabergé ta rufe a 1918 bayan juyin juya halin Rasha, Lalique kuma ya bar kayan ƙawa ya koma sana'ar gilashi zalla, amma hanyoyin da suka bi har yau ana koyar da su, kuma babu wani abu a cikinsu da ya fi ƙarfinmu. A unguwar Masaga ta garin Bida akwai masu narkar da gilashi waɗanda kakanninsu suka riƙa haɗa shi daga yashi da kanwa. A Kano da Agadas akwai maƙeran azurfa. Ana haƙo safaya a tsaunin Mambila, ana samun zumurrudu a yankin Nasarawa Eggon, amma yawancinsu ɗanye ake fita da su, ribar yanka da gogewa da dasawa ta tafi wasu ƙasashe. Abin da ya rage shi ne tanderun da za a iya sarrafa zafinsa, da gilashin da aka auna buɗewarsa ya dace da azurfarmu, kuma wannan aiki ne na sassan kimiyyar sinadarai da na ilmin ma'adinai a jami'o'inmu. Ɗalibin da yake neman abin da zai yi bincike a kai zai iya farawa da yashin garinsu da kanwa. Tsirran da za a kwaikwaya kuwa, ga furen bado a tafki, ga na rimi, ga na zoɓo a bayan gida.