Sallama a Zauren Waya: Ladubban Shiga Hirar Magoya Baya da Matsayinsu a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya duba manhajar Hausa ta firamare da ƙaramar sakandare zai tarar an kasa darasin gida uku, wato harshe da adabi da al'ada. A ƙarƙashin al'ada ake koyar da gaisuwa da ladabi da biyayya, a ƙarƙashin harshe kuma ake koyar da ƙa'idojin rubutu da insha'i da rubutun wasiƙa. Wannan rabo ya daɗe yana biyan buƙata, domin a da gaisuwa da baki ake yin ta, rubutu kuwa sai an zauna an nemi takarda da alƙalami. Yau ɗalibin da ke Gwange ko Bulumkutu a cikin Maiduguri yakan yi sallama, ya gaisa, ya yi musu, ya ba da haƙuri, duk a rubuce da babban yatsa, a zaurukan hira na waya. Wannan maƙala za ta dubi zaurukan magoya bayan ƙwallon ƙafa, musamman na ƙungiyar El-Kanemi Warriors, domin nuna cewa ladabin da ake koyarwa a darasin al'ada ya koma aikin rubutu, kuma akwai buƙatar masu tsara manhaja su bi shi can.

2.0 Yadda Zauren Ya Iso Maiduguri

Hirar taron jama'a ta kwamfuta ta girmi dukkan ɗalibanmu. A 1988 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro tsarin da mutane da yawa za su riƙa rubuta wa juna magana nan take a ɗaki guda. A 1995 kuma Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta tattara ladubban mu'amala a intanet a wata takarda da ta shahara. Daga cikin abin da takardar ta ƙunsa akwai cewa sabon shiga ya fara sauraro kafin ya sa baki, kuma rubutu da manyan baƙaƙe zalla daidai yake da daka wa mutane tsawa.

A Nijeriya wayar salula ta fara aiki a 2001, amma hirar zaure ba ta zama ruwan dare tsakanin matasan Arewa ba sai da manhajar 2go, wadda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, ta bazu a farkon shekarun 2010. Tana aiki a ƙananan wayoyi masu arha, tana da ɗakunan hira, tana kuma ba mutum tauraro mai ƙaruwa gwargwadon daɗewarsa a kai. Matasa suka ɗauki tauraron nan tamkar furfura. A Borno wannan zamani ya katse a watan Mayun 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci aka kuma yanke layukan waya na tsawon watanni. Bayan haka sannu a hankali WhatsApp ya maye gurbin 2go, kuma tun 2022 zaure guda yana iya ɗaukar mutum 1,024. Ƙungiyar El-Kanemi ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992, sannan ta sake cin sa a Legas a watan Yunin 2024 bayan ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema. Ke nan a zaure ɗaya ana iya samun dattijon da ya shaida nasarar 1991 da idonsa, da yaron aji biyu na ƙaramar sakandare, ba kuwa wanda ke ganin fuskar wani.

3.0 Shiga Zaure

A zauren gida ko majalisar bakin titi, ido ne ke yi wa baƙo rabin aiki. Kafin ya buɗe baki ya riga ya ga wanda ke kan buzu da wanda ke kan benci, ya ga rawani, ya ga furfura, ya san inda zai rusuna da wanda zai miƙa wa hannu. Masu iya magana na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To a zauren waya babu fuskar, babu tabarmar. Abin da ya rage shi ne lambar waya da laƙabi da hoton wani ɗan wasa, saboda haka duk nauyin da ido da murya suke ɗauka ya faɗo kan kalmomin da aka rubuta.

Sallama ita ce matakin farko, kuma a nan aka fi ganin sauyi. Matasa sun taƙaita ta zuwa slm, amsarta wslm, gaisuwa ykk, lafiya lfy, na gode ngd. Malamai da yawa na kallon wannan a matsayin lalata harshe. Mai nazarin harshe kuwa zai lura da cewa akwai tsari a ciki: ana zubar da wasula a bar baƙaƙe, kamar yadda ake rubuta Larabci ba wasali, abin da yaron da ya tashi a garin tsangayu irin Maiduguri ya saba gani. Zai kuma lura cewa ykk ta haɗe ya kake da ya kike, ta fitar da mai rubutu daga kunyar kiran mace da lamirin namiji. Dabara ce, sai dai dabarar tana da muhalli. Sa'a na iya rubuta wa sa'ansa ykk, amma sabon shiga da ya tarar da ɗaruruwan mutanen da bai sani ba ya buɗe da ita, ya yi daidai da wanda ya faɗo zaure da takalmi. Cikakkiyar sallama, ko barkanku da warhaka inda zauren ya haɗa mabiya addinai daban-daban, ita ce ta dace, a biyo ta da suna da unguwa da wanda ya shigo da mutum.

Akwai wani wuri da al'adarmu ke cin karo da yanayin zauren. Bahaushe yana son doguwar gaisuwa, ya gida, ya aiki, ya gajiya, ya iyali, Babarbare ma ba a bar shi a baya ba wajen jera wushe da lale. Idan mutum ɗari biyu suka amsa sallama guda, kowa kuma ya ɗora nasa ya gida, saƙon da ke sanar da lokacin tashin motar magoya baya zuwa wasan waje ya nutse, datar talaka kuma ta ƙone a banza. Takardar 1995 da aka ambata ta ce gaisuwa ɗaya ta wadatar wa ɗaki duka. Mu ma muna da wannan hukunci tun kafin ta, domin sanannen abu ne cewa idan aka yi wa taro sallama, amsar mutum ɗaya ta ɗauke wa saura. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne a nuna masa cewa taƙaita gaisuwa a irin wannan wuri shi ma ladabi ne.

Bayan sallama sai sauraro. Na taɓa ganin wani yaro, kwana ɗaya da shigarsa zaure, ya mayar wa wani da martani a kan canjin ɗan wasa da cewa, "Kai dalla can, ba ka san ƙwallo ba." Wanda ya faɗa wa haka Goni ne, sa'an kakansa, kuma da a hanya suka haɗu da yaron sai ya tuɓe takalmi. Yaron ba fitsararre ba ne. An koya masa girmama manya, amma ba a taɓa koya masa cewa babba na iya ɓoye a bayan hoton mai tsaron gida ba, kuma wanda ba a sani ba ana ba shi girma ne har sai an tabbatar da cewa sa'a ne. Da ya yi kwana biyu yana karantawa kawai, da ya ga ana kiran mutumin Baba Goni, ana kuma yi masa magana da lamirin ku.

4.0 Wasa da Iyakarsa

Zauren magoya baya ba ya rayuwa sai da zolaya. Wanda aka ci ƙungiyarsa ya san zai sha ba'a har zuwa wasa na gaba, kuma da saninsa ya shiga. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin muna da wasan barkwanci tsakanin Barebari da Fulani, da Kanawa da Zage-zagi, da taubasai, da jika da kaka. Sai dai wasan gargajiya yana da sharuɗɗa guda biyu da suke kare shi: kowa ya san abokin wasansa, kuma dariyar da ke fuskar mai magana ita ce ke shaida cewa wasa ne. Idan Bafulatani ya ce wa Babarbare bawansa a bakin Kasuwar Litinin, mutane dariya za su yi. Idan aka rubuta wannan kalma tsirararta a zauren da ke da mutanen da ba su san wasan ba, ko aka ɗauki hotonta aka tura wani zauren ba tare da abin da ya gabace ta ba, ta zama zagin ƙabila. 'Yan hotunan fuska masu dariya da matasa ke liƙawa a ƙarshen jimla yunƙuri ne na mayar da fuskar da ta ɓace, kuma ya kamata malami ya ɗauke su a matsayin dangin alamar tambaya da alamar motsin rai, ya koyar da inda suke amfani da inda ba sa ceton magana.

Akwai nau'in zolaya guda da nake ganin ya fi kowane shafar aikinmu, shi ne yi wa mutum dariya a kan Hausarsa. Hausa ita ce harshen kasuwa da titi a Maiduguri, amma ga dubban ɗalibai harshe na biyu ce ko na uku, bayan Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Babur ko Margi. Irin wannan ɗalibi yakan rubuta mamana ya zo, yakan kuma kasa bambanta k da ƙ. Idan musu ya yi zafi tsakaninsa da wani mai goyon bayan Kano Pillars, sau da yawa hujjar ƙwallo takan ƙare a koma ga cewa je ka koyo Hausa tukuna. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk malamin da ya koyar a garin: yaron ya daina rubuta Hausa a bainar jama'a, ya koma Ingilishi ko buroka, inda ba mai yi masa gori. Wato wurin da ya fi ko'ina ba shi damar rubuta Hausa kullum, ba tare da malami ya tilasta masa ba, shi ne aka kore shi daga ciki. Abin ban dariya shi ne, mai gorin ma kansa ba ya sa ƙugiya a rubutunsa. Yakan rubuta ya bata, ya bar mai karatu da cankar ko ya ba ta ake nufi ko ya ɓata, ya kuma rubuta kafa yana nufin ƙafa. Darasin karin harshe da ake yi a babbar sakandare ya kamata ya sauko ƙasa da wuri, a kuma haɗa shi da wannan batu, domin ɗalibi ya san cewa daidaitacciyar Hausa ma'aunin rubutu ce da kowa ke koyo, har da Bakano.

5.0 Amanar Labari

Kusan kowane zaure yana da mai kula da shi, wanda matasa ke kira admin, da jerin dokoki: ban da siyasa, ban da talla, ban da batsa, ban da abin da ba ƙwallo ba. A garin da ya sha fama da tashin hankali, dokar da ta fi nauyi ita ce ta hana yaɗa jita-jita. An ce magana zarar bunu ce. Tun 2017 WhatsApp ya ba da damar goge saƙo bayan an tura, amma ba ya goge hoton da wani ya riga ya ɗauka, kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai yaɗa ƙarya da gangan don tayar da zaune tsaye. Duk da haka doka ba ta maye gurbin hankali. Ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye sassan gari, zauren da nake ciki ya ajiye zancen ƙwallo ya koma cigiya da jaje da kwatancen hanyar da ba ta yanke ba. Ba wanda ya tuna da dokar ban da abin da ba ƙwallo ba. Wanda aka tsawata wa a ranar shi ne wanda ya turo hoton ambaliyar wata ƙasa ya ce Gwange ce.

6.0 Abin da Ya Shafi Aji

Ba sai an ƙirƙiro sabon darasi ba, manhajar ta riga ta yi nauyi. Gurbin da ya dace shi ne gefen rubutun wasiƙa. Can ne muke koya wa ɗalibi cewa wasiƙar aboki daban take da ta neman aiki, ko da saƙon ɗaya ne, kuma wannan shi ne ainihin abin da yake buƙata a zaure. Ba a kuma buƙatar waya a aji. Allo da alli sun isa. Malami na iya rubuta saƙo irin wannan a allo: "slm ykk wai yaushe ne wasa". Sai ya nemi ɗalibai su sake rubuta shi sau uku, na farko ga aboki, na biyu ga zauren da ba su san kowa ba, na uku ga zauren da mahaifin abokinsu ke ciki. A wannan ɗan aiki an taɓa rabon kalma da ƙugiya da alamar tambaya da lamirin girmamawa. Wata rana kuma a kawo jimlar zolaya a tambayi aji wa zai iya faɗa wa wa, kuma me zai faru idan aka cire ta daga muhallinta.

Wajen ba da maki akwai abin lura. Idan ɗalibi ɗan Shehuri ya rubuta cikakkiyar sallama, ya gabatar da kansa, ya zaɓi lamirin da ya dace da babba, amma ya kuskure jinsi a wuri biyu, a raba makin gida biyu: na dacewar magana da muhalli a ba shi cikakke, na nahawu a rage, a kuma yi gyaran a littafinsa ba a gaban aji ba.