Tsohuwar mota ba ta buƙatar tsohuwar taya

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin masu riƙe da tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da 404 da Mercedes 200, waɗanda suka gada ko suka saya suka gyara don sha'awa. Kawuna ya turo mini, abokan aiki sun turo, kuma kowannensu da kyakkyawar niyya ya yi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi sana'arsa ba, amma yana zuba bayani kamar a gabansa aka ƙera motar. Ya ce tayar zamani mai waya a ciki tana lalata ƙafar tsohuwar mota. Ya ce layukan launi da ke kan sabuwar taya su ne alamar darajarta. Ya ce a rage iska idan zafi ya shigo. Sannan ya kawo babbar maganarsa: wai robar zamanin baya ta fi ta yanzu ƙarfi, don haka mai tsohuwar mota ya nemi tsohuwar taya, ta gwanjo ko wadda ta daɗe a sito ba a taɓa ɗaura ta ba, musamman Michelin ko Dunlop da aka yi a Najeriya. Muddin zanenta bai cinye ba, in ji shi, shekarunta ba abin dubawa ba ne.

Akwai gaskiya a cikin saƙon, kuma ita ce ta sa ya karɓu. Gaskiya ne kasuwa ta cika da sabbin tayoyi marasa inganci. Gaskiya ne girman tayar da waɗannan motoci suka zo da shi ya yi wuyar samu. Gaskiya ne kuma bai kamata a haɗa taya mai waya da ta tsohon saƙi hagu da dama a ƙafa ɗaya ba, domin ba sa lanƙwasa iri ɗaya a kwana. Sauran ƙananan maganganun ba su da tushe. Tun 1946 kamfanin Michelin ya yi rajistar ƙirar radiyal, wato taya mai waya, kuma 504 da ta fito a Faransa a 1968 da irinta ta zo, to ta yaya za ta lalata mata ƙafa? Layukan launi alama ce ta cikin masana'anta don rarrabe kaya, kwalta na goge su cikin 'yan kwanaki. Rage iska kuwa shi ke sa gefen taya ya riƙa lanƙwasa fiye da kima har ta ɗau zafi ta fashe, saboda haka a ba ta iskar da kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta, a auna da safe kafin a hau hanya.

Maganar shekaru ce ta hana ni yin shiru, domin ita ce za ta iya kashe mutum.

A fara da abin da ba ya buƙatar gardama. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Ke nan duk tayar da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye biyu tare da tambarin an yi ta a Najeriya ta haura shekara 15, ko da kuwa har yau tana naɗe a ledarta. Wannan ce ake cewa magidanci ya ɗaura wa motarsa, ya ɗebi iyalinsa ya hau hanyar Kano zuwa Zariya.

Taya ba roba zalla ba ce. A ƙarƙashin zanen da muke gani akwai shimfiɗun wayar ƙarfe, kuma wata siririyar roba ce ke manne su da juna da kuma jikin tayar. Iskar da aka bunƙa mata tana ratsawa a hankali daga ciki, tana busar da wannan roba har ta taurare ta daina riƙo. Zafi na gaggauta wannan aiki. Kowa ya san yadda robar ɗaure kaya da aka yanko daga tsohon tiyub take zama idan ta daɗe a rana: a ido tana nan yadda take, amma ana ja sai ta tsinke. Abin da ke faruwa a cikin tsohuwar taya ke nan, sai dai shi a ɓoye yake. Mota tana gudun kilomita 100 a awa, tayar ta yi zafi, shimfiɗun wayar su rabu, zanen ya ɓare ya yi gefe guda. Idan ta baya ce, motar ta juya da direba kafin ya san abin da ake ciki. Mai faci zai iya danna tayar da babban yatsa, ya zuba mata ruwan sabulu, ya ce lafiya lau, kuma bai yi ƙarya ba, domin abin da ya lalace ba a inda idonsa yake kaiwa yake ba.

Tsohuwar motar sha'awa ce ma ta fi shiga wannan haɗari. Motar haya tana cinye zanen tayarta da wuri, dole a canza. Ita kuwa 504 da Alhaji ke fitowa da ita ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure, zanenta ba zai cinye ba ko an shekara 20. Ga shi kuma masu yin taya suna cuɗa wani sinadari mai kama da kakin zuma a cikin robar, wanda ke fitowa saman fatarta ya kare ta idan tana juyawa tana lanƙwasa. Tayar da ke tsaye wata da watanni ba ta samun wannan kariya sosai, shi ya sa ake ganin gefenta ya yi tsage-tsage alhali zanenta kamar sabo. Safaya ma tana tsufa a inda take, ko ba ta taɓa taka ƙasa ba.

An yi bincike a kan wannan. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan zane ya riƙa ɓarewa a kan motocin Ford Explorer, mutane da dama suka mutu. Asalin matsalar ta ƙira ce, amma an lura cewa ta fi yawa a jihohi masu zafi, kuma ta fi bayyana bayan tayar ta yi shekaru. Wannan ya sa hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta tattaro tayoyin da aka yi amfani da su a birnin Finiks na jihar Arizona, ta yayyanka su ta gwada, ta tabbatar cewa ƙarfin riƙon da ke tsakanin shimfiɗun yana raguwa da shekaru, kuma zafi na ƙara saurin raguwar. An zaɓi Finiks ne saboda zafinsa, kuma duk wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da awo ke haura 40, ya san a wane ɓangare muke. A Ingila, a watan Satumba na 2012, tayar gaba ta wata bas ta fashe a gundumar Sari, mutum 3 suka mutu har da direban. Bincike ya nuna tayar ta yi shekara 19 da rabi, kuma tsufa ne ya karya ta. Daga watan Fabrairu na 2021 doka ta hana ɗaura tayar da ta wuce shekara 10 a gaban manyan motoci da bas-bas a can. Ingila ƙasa ce mai sanyi.

Shekara nawa ce iyaka? A nan masana ba su tsaya a kan lamba ɗaya ba, kuma bai kamata kowa ya yi kamar sun tsaya ba. Ba a buga ranar ƙarewar wa'adi a jikin taya, ranar da aka yi ta kawai ake bugawa. Hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya ta daɗe tana faɗakarwa da shekara 4. Wasu masu ƙera motoci, ciki har da Ford, suna cewa 6. Michelin yana cewa a riƙa kai ta wurin masani duk shekara bayan ta cika 5, a cire ta idan ta cika 10 komai kyan zanenta. Tayar da ta cika shekara 4 ba za ta fashe washegari ba, kuma wadda ta zauna a inuwa ta fi wadda ta zauna a rana. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yarda da 15. A irin zafinmu, ni a ganina 6 ce iyakar da hankali zai kwanta da ita.

Karanta shekarun ba wuya. A gefen tayar akwai jerin haruffa da lambobi da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake bugawa, sai an juya tayar. Idan lambobin uku ne, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Idan wurin ya nuna alamar kankara ko faci, a bar ta a nan, haka ma idan zanen ya yi kama da wanda aka sassaƙa da hannu.

Ban ga laifin waɗanda suka gaskata saƙon ba. Sun ga zamanin da kamfanin Peugeot ke harhaɗa motoci a Kaduna tun 1975, sun hau 504 daga Kano har Legas ba ta ce musu komai ba, kuma sun san yadda wasu kayan yanzu ke lalacewa tun kafin a kai su gida. Tayar da suke tunawa da ita mai kyau ce, amma sabuwa ce a lokacin da suka san ta. Ga kuma tsada: sabbin tayoyi huɗu masu suna nauyi ne a kan mai fansho, ta gwanjo kuwa tana nan a bakin titi da araha. Sai dai yana da kyau a sani cewa tayar ƙaramar mota da aka yi amfani da ita tana cikin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su, ke nan babu wanda ya duba ta kafin ta iso. Wasu ma na hunturun Turai ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu mai laushi ce da aka yi don sanyi.

Wajen zaɓen sabuwa, girma ne abin lura. Ƙaramar 504 da 175 R14 ta zo, wadda a rubutun yanzu take daidai da 175/80 R14. Mai shago zai iya miƙo 175/65 R14 ya ce ai duk 14 ce. Za ta shiga wilin, amma ta gaza ta asali tsayi da kusan santimita 5, motar ta yi ƙasa, maleji ya riƙa nuna gudun da motar ba ta kai ba. Abin da ya fi muni, lambar nauyinta galibi 82 ce, wato kilo 475, alhali ta asali takan zo da 88, wato kilo 560. Idan ba a samu girman asali ba, a nemi wadda tsayinta ya yi kusa da shi, lambar nauyinta kuma ba ta gaza ba. Mai 404 kuwa 165 R15 zai nema. Idan wilin tsohon ƙira ne da ba ya riƙe iska shi kaɗai, a sa masa sabon tiyub daidai girmansa. Sabuwar taya mai matsakaicin suna da aka yi bara ta fi babban suna da aka yi a 2006.

Shi kuma wanda ya naɗi saƙon, da ya tsaya a kan launi da layuka da ba wanda ya damu da shi. Amma ya ba dattawa shawara a kan abin da ke riƙe da ransu a kan kwalta ba tare da ya kawo hujja ko ɗaya ba, ya ɓoye sunansa, kuma ba shi zai je gaisuwa ba. Ku da kuka tura wa wasu, ku koma ku gaya musu maganar shekarun ba haka take ba. Kafin tafiya ta gaba ku durƙusa ku karanta lambobin tayoyinku biyar, har da safaya, duk wadda ta wuce shekara 6 ku cire ta.