Maganin dajin da ke tsere da agogo

Akwai wani irin ciwon daji da likitoci ke kira "tumeur neuroendocrine" da Faransanci. Yakan tsiro cikin hanji, tumbi ko huhu, yana girma sannu a hankali, shekara da shekaru. Alamunsa na ruɗarwa: zawon da ba ya ƙarewa, murɗar ciki, zafi mai tasowa fuska. Ɗan kasuwar Dakwaro da ya ji haka zai ce tsutsar ciki ce, ya sayi ƙwayoyi wurin mai tebur, ya koma rumfarsa. Sau da yawa sai ciwon ya kai hanta ake gano shi.

Masana sun lura cewa ƙarin na ɗauke da wasu ƙananan kwaduna a jikinsa, sai suka ƙera makullin da ya dace da su. In an liƙa wa makullin sinadarin galiyom 68 aka yi wa majinyaci allura, na'urar hoto ta TEP za ta nuna duk inda ƙarin ya ɓuya. Daga nan sai a sauya kaya: a ɗora wa makullin lutesiyom 177, wanda haskensa ba ya wuce kimanin milimita 2 cikin tsoka, ya ƙone ƙarin daga ciki. (Waɗanda suka zauna bencin lise za su tuna Lutesiya, tsohon sunan birnin Pari, can sunan ya samo asali.)

Wani kamfanin Faransa ne ya fitar da maganin da sunan Lutathera. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017, Amurka a 2018. Sau 4 ake ɗura shi ta jijiya, da tazarar mako 8. Ba ya tumɓuke ciwon, dakatar da shi yake: cikin gwajin mutum 229 da aka wallafa a 2017, bayan wata 20 ciwon bai ci gaba ba ga kashi 65 cikin ɗari na waɗanda suka samu maganin, alhali kashi 11 ne kawai ga sauran.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Galiyom 68 na asarar rabin ƙarfinsa cikin minti 68. Kafin motar fasinja ta kai Maraɗi daga Dakwaro, abin da ya rage kaɗan ne, balle Ƴamai. Lutesiyom kuwa kwana 6 da ɗoriya yake yi. Ba a ajiye su bisa kanta kamar kini. Majinyaci ne ke tafiya wurinsu.

Nijar na haƙar iraniyom a Arlit tun 1971, Jami'ar Abdou Moumouni kuma na da cibiyar IRI mai ɗaukar hoton cikin jiki da irin waɗannan sinadarai. Amma sai 2021 aka fara gashin daji da haske a Ƴamai, cikin cibiyar CNLC, shekarar da aka rufe mahaƙar COMINAK. Shekara 50 ke nan, kuma a ganinmu jinkirin ya yi yawa. Ma'aikacin gwamnati na iya neman a kai shi jinya ƙasar waje, ya jira takarda. Makiyayin Dakwaro garkensa zai kora kasuwa, in har an gano ciwon da wuri.