Daga Zango Zuwa "Cité": Ina 'Ya'yanmu Ke Kwana A Jami'a?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BAC ya fito, murna kan cika gidajenmu daga Didawure a Sokode har Dapaong da kasuwar Sinkase. Sai dai da zarar guɗa ta lafa, tambaya ɗaya kan tsaya wa iyaye a wuya: yaron nan ko yarinyar nan, a ina za su kwana?

Matsalar ba ta yau ba ce. A shekarar 1965 Togo da Dahome suka kafa makarantar gaba da sakandare ta haɗin gwiwa, inda ake karatun adabi a Lome, na kimiyya kuma a Porto-Novo. A 1970 Togo ta buɗe tata jami'ar da sunan Université du Bénin, wadda a 2001 aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Lome. Ta fara da ɗaliban da ba su kai dubu ɗaya ba. Ɗakunan kwanan da aka gina mata, waɗanda ake kira "cité", ana bambanta su da haruffa, wato Cité A, Cité B da sauransu, kuma hukumar COUL ce ke raba su. A hankali ɗalibai suka haura dubu 50, amma gine-ginen ba su bi sawun wannan yawa ba. Abin da ya biyo baya shi ne, mafi yawan ɗalibai sai haya a unguwannin da ke kewaye, irin su Adewi.

Ɗan arewa ya fi kowa jin jiki, domin daga Sokode zuwa Lome tafiyar kilomita fiye da 300 ce, daga Dapaong kuwa ta zarce 600. Da ma tsohon zangon Lome na tsakiyar gari yake, to amma a 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe jama'a zuwa bayan gari ta arewa. Ɗalibin da ya sauka wurin kawunsa a Agoè-Zongo ya samu tuwo da tabarma, sai dai kuɗin zemijan kullum kan cinye guzirinsa.

Sauƙi ya fara samuwa da Jami'ar Kara, wadda aka sa hannu a dokar kafa ta a 1999, ta kuma fara karatu a watan Janairun 2004 a gine-ginen tsohuwar makarantar horar da malamai. Kara na tsakanin garuruwanmu biyu a kan babbar hanya: bai kai kilomita 100 daga Sokode ba, kimanin 200 kuma daga Dapaong. Hanya ta gajarta, buhun masara da doya daga gida na isa da wuri, amma batun ɗaki na nan, tunda a can ma haya ce mafakar mafi yawa. Idan ba a manta ba, a watan Disambar 2011 sai da gwamnati ta rufe jami'o'in biyu na wani lokaci saboda zanga-zangar ɗalibai kan kuɗin tallafi, wanda da shi da yawansu ke biyan haya.

To, jama'a, abin kunya ne a ce 'ya'yan zango ne ke rasa masauki. Kakanninmu fatake da ke bin hanyar Gwanja sayen goro, a Sokode da Mango suke yada zango. Mai gida ne ke ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya tsaya musu wurin ciniki da bashi. Da wannan tsari aka gina kasuwancin da muke cin moriyarsa har yau. Ɗalibi ma baƙo ne mai neman dukiya, sai dai tasa ba a ɗaure ta a buhu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da sarakunan zango na iya kama gida guda a Kara, wani a Lome kusa da jami'a, a ware na 'yan mata dabam tare da dattijuwar da za ta kula da su. Yadda muke zubin adashi ranar kasuwa, haka za a iya tara kuɗin hayar. Rashin amintaccen wurin kwana ne ke sa iyaye da dama su hana 'ya mace wucewa jami'a, alhali mu ne ke kukan rashin likita mace a asibiti.

Kafin a kai ga haka, muna jan hankalin iyaye da su sa yaro ya nemi ɗakin "cité" tun ranar da ya yi rajista. Idan haya ce ta kama, a karɓi takardar shaidar biya, a kuma sani cewa dokar da aka fitar a 2022 ta taƙaita kuɗin ajiya zuwa na wata 3 a Lome da kewaye. Uwa-uba, mahaifi ya je ya ga ɗakin da idonsa, kamar yadda ba ya sayen sa sai ya duba haƙoransa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai albarka, amin.