Ko Kun Sani? Sunan Ƙungiya a Turanci: Tilo ko Jam'i?

Turawan Birtaniya da Amurkawa sun sha bamban wajen aikatau da ke bin sunan ƙungiyar mawaƙa. Ɗauki Queen, wadda aka kafa a Landan a 1970. Ɗan Birtaniya mutanen cikinta yake kallo, sai ya ce "Queen are", da jam'i. Ba'amurke kuwa a dunƙule yake ɗaukarta, ya ce "Queen is".

Idan sunan kansa jam'i ne, kamar The Beatles na Liverpool, babu gardama: kowa "are" yake cewa. A fagen ƙwallo ma, masu sharhi a Ingila "Arsenal are" suke faɗi.

Duka biyun daidai ne. Ɗalibi dai ya riƙe salo ɗaya, kada ya cakuɗa su a rubutu guda.